Jirgin da Remzi Ya Yi Mini Alkawari

Gidan Nurten, Istanbul
2 ga Oktoba

Zuwa ga aminiyata Saniye,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Bekir da yara da jikoki. Yaya gwiwar? Yaya idon Bekir, har yanzu ke ce mai karanta masa komai? Ni dai ina nan lafiya, sai kewa. Na san na ce zan kira ki, amma ke da waya ba kwa shiri, daga "Na'am?" sai "Me kika ce?" har maƙogwarona ya bushe. Gara in rubuta, ko da yake rubutun yana nan yadda muka baro shi a aji uku.

Na iso lafiya bayan awa takwas a mota. 'Yata Nurten ta tarbe ni a tasha, ta yi kuka, na yi kuka, sannan ta ga buhun da na sauke ta ce, "Mama, a nan ma ana sayar da tafarnuwa fa." Na ce ba irin ta gonar ubanta ba. Mijinta ya ce ƙauye ya biyo ni har hawa na biyar.

Saniye, yau wata bakwai cif da rasuwar maigidana Remzi. Na ce wa mutane ganin jikoki na zo, kuma gaskiya ne, amma ke ba zan ɓoye miki ba. Jirginsa na zo hawa.

Kin ji labarin nan a bakinsa ya fi sau ɗari. Tun shekarun da shi da Bekir suke tahowa nan aiki duk lokacin sanyi, yana tsaron shagon kayan ƙarfe a unguwar Karakoy, sai dashen tafarnuwa ya zo su koma gida. Sanyi goma sha biyu suka yi a haka. Duk dawowarsa sai ya zauna bakin murhu, ina shafa masa mai a baya, yana ba ni labarin tsohon jirgin nan mai hawa tudu. Ya ce tarago biyu ne a ɗaure da igiyar ƙarfe guda, in ɗaya na hawa ɗaya na sauka, nauyin wannan ke taimakon wancan. Ya ce kullum a cikinsa yake hawa kai saƙon shago. "Nazife," in ji shi, "in an kai rabin tudu sai ki juya baya. Ga teku a shimfiɗe kamar farantin da aka wanke. Ga jiragen ruwa farare, tsuntsaye na bin su. A tsallake masallatai ne, hasumiya kusa da hasumiya. Ta hannun dama kuma akwai gida mai koriyar taga, da wata tsohuwa mai zuro kwando da igiya a sa mata burodi." Har kwandon nan na sani, ni da ban taɓa wuce Kastamonu, birnin yankinmu, ba.

Kowace shekara sai ya ce, "Bana in mun cire tafarnuwa zan kai ki." Shekara talatin da takwas. Wata shekarar saniya ce ba lafiya, wata rufin ɗaki ke yoyo, wata bikin Nurten. Da ta tare a nan na ce to yanzu muna da masauki, sai ya ce bayansa ba zai iya zaman mota ba, su dai su riƙa zuwa. Ni ma da laifina, ban taɓa matsa masa ba, ina ganin akwai lokaci. Saura kwana uku ya cika, ina ba shi miya a cokali, ya ce, "Ban kai ki ba." Na ce, "Sha miyarka, jirgi ba gudu zai yi ba." Abin da na ce masa ke nan.

To yanzu na shirya. Ranar Alhamis za mu je. Za mu tsallaka ruwa zuwa Karakoy, an ce ƙofar jirgin tudun ba nisa daga inda ake sauka. Na goge baƙin takalmina. Zan tafi da hularsa, in ɗora ta a kujerar kusa da ni in an bar ni. Na kuma ɗauko hoton nan da ya ɗauka a ƙofar tashar, sanye da kwat mai ruwan toka wadda maɓallinta na biyu ya faɗi. Kin tuna tsiyar da nake masa, in ce ya kawo ta in ɗinke, ya ce ta aiki ce, a shago take zama?

Nurten ce ke ɓata mini shiri. Sau uku tana ɗaga ranar. Jiya ta ce, "Mama, minti ɗaya da rabi ne fa duka tafiyar. Bari in kai ki babbar kasuwa, can baƙi suke zuwa." Na ce ni ba baƙuwa ba ce, matar Remzi ce. Ta ce, "Sunansa ma Tunel, Mama, kin ji, rami ke nan." Na ce na sani, ai a hanyar zuwa ma motarmu ta shiga cikin dutse ta fita muka ga rana. Sai ta hau wanke kofunan da ta riga ta wanke. Yaran birni ba sa son fita, shi ke nan.

Ki duba mini kajin nan, baƙar tana ɓoye ƙwai a bayan itace. Ranar Juma'a ki zuba wa Remzi ruwa a kabari in gwiwa ta bari. Ina sumbatar hannun manya, ina shafa kan ƙanana. Ki ce wa Bekir zan gaishe masa da jirgin.

Taki har kullum,
Nazife

6 ga Oktoba

Saniye 'yar'uwata,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Wannan ki karanta ta a zuci, kada ki karanta wa Bekir. In ya tambaya ki ce maganar kaji ce.

Mun je. Na hau.

Babu teku, Saniye. Babu komai.

Tashar tana cikin wani tsohon gini, ita ce dai ta hoton, na gane ƙofar tun daga nesa. Muka shiga, na sami kujera a bakin taga, na ɗora hular a cinya domin mutane sun cika. Aka rufe ƙofa, jirgi ya ja. Sai duhu. Bangon bulo ta dama, bangon bulo ta hagu, fitilu jefi-jefi. Na ce a raina yanzu za mu fita. A tsakiya ɗayan taragon ya gilma yana sauka, da haskensa da fuskokin mutane, na ce to ga rabin tudun, na juya baya kamar yadda ya ce. Fuskata na gani a gilashi, tsohuwa da ɗankwali riƙe da hular namiji. Kafin in juyo har an buɗe ƙofa.

Na ƙi tashi. Wani ma'aikaci ya leƙo ya ce, "Inna, an iso, nan ne sama." Na ce, "Ɗana, ina wurin da ake ganin teku?" Ya yi dariya, ba ta raini ba, ya ce, "Inna, tun ba a haifi kakana ba jirgin nan yake cikin ƙasa. Ko ɓera bai taɓa hango teku daga nan ba." Na ce wa Nurten gefen da muka zauna ne ba daidai ba. Muka sauka, muka sake hawa ta ɗaya gefen. Bango ne dai.

A sama muka zauna wajen mai shayi. Nan Nurten ta gaya mini tun shekararta ta farko a garin nan ta hau shi ita kaɗai, wai don ta ga tsohuwa mai kwando. Ta fito ta kira babanta a waya, sai ya ce, "Kada ki gaya wa uwarki." Shekara goma tana riƙe da wannan. Na ce, "Har da ke?" Na tashi na kama hanyar gida.

Ba tekun ne ya dame ni ba, na gan shi a jirgin ruwa har ya ishe ni. Abin da ke ci mini rai shi ne mutumin da na zauna da shi shekara talatin da takwas ya dube ni ido cikin ido, sau ɗari, ya faɗi abin da babu. Har a kan gadon ajali. In jirgin ƙarya ne, shagon fa? Sanyi goma sha biyu a ina ya yi su? Ina can da ciki ina fasa ƙanƙara a bakin rijiya, shi yana ina, wajen wa? Na tura hular can ƙasan jaka, ba na son ganinta. Da na idar da sallar azahar na ɗaga hannu in yi masa addu'a kamar kullum, sai bakina ya yi nauyi. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Kada ki tambayi Bekir komai tukuna. Zan je inda ya ce shagon yake in nemi wanda ya san shi, ko da abin da zan ji ya fi wannan ɗaci. Ki sa ni a addu'a.

Nazife

11 ga Oktoba

Aminiyata Saniye,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Allah ya sa sanyi bai fara taɓa gwiwar ba. Ita ma wannan taki ce ke kaɗai. Ki zauna kafin ki karanta.

Ranar Litinin na koma Karakoy. Nurten ta so ta bi ni, na ce ta zauna, jirgin ruwa na riga na iya shi. Na ɗauki hoton da damin tafarnuwa guda, don ba a zuwa wajen mutane hannu rabbana. Kasuwar kayan ƙarfen tana nan, ƙusa da sarƙa da bututu ko'ina. Na shiga shago ya kai goma ina nuna hoton, ba wanda ya san shi. A ƙarshe mai shayin lungun ya karɓa ya duba, ya ce, "Inna, mutumin ban san shi ba, amma kwat ɗin nan na santa." Ya nuna mini bangonsa. Ga hoto irin nawa sak, ƙofar ɗaya, kwat ɗaya, maɓalli na biyu babu, amma fuskar wani ce. Ya ce, "Na Baba Halis ne, ga shi can a rana."

Wani tsoho ne da ya ranƙwafa, yana zaune kan wani abu na fata kamar sirdin jaki. Ya kai hoton kusa da ido, ya shaƙi damin da ke hannuna, sai ya kwashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Remzi Tafarnuwa! Yana ina, ɗan banzan? Har yanzu yana cin burodi da ɗanyar tafarnuwa yana kashe mutane da numfashi?" Na ce ya rasu a watan Maris. Ya cire hula, ya yi masa addu'a. Can ya ɗago ya ce, "Ke ce Nazife ke nan. Wadda ta kori dila da ludayi." Saniye, wa ya san wannan in ba mu ba?

Na ce, "Baba, a wane shago ya yi aiki?" Ya ce, "Duk shagunan nan ya yi wa aiki, matar ƙanena. Da bayansa." Ya bubbugi abin da yake zaune a kai. Ashe sirdin dako ne, wanda ake ɗaurawa a baya a ɗora kaya.

Dako suka yi. Remzi da Bekir da Halis da wasu uku, a ɗaki guda. Daga bakin ruwa zuwa shagunan saman tudu, ƙusa, bututu, murhun ƙarfe, keken ɗinki. Na ce, "Jirgin fa?" Ya ce, "Jirgi na masu takalmi mai sheƙi ne. Wa zai bar ki ki shiga da murhu a baya? In mun sauke kaya kuwa, ƙafa da kanta take gangarowa. Mijinki ko sau ɗaya bai hau ba. Yakan tsaya a ƙofa ya kalli taragon na shiga rami, ya ce sai ran da ya kawo ki." Kwat ɗin kuma ta su shida ce, kowa ya sa a ɗauke shi hoto ya aika gida. Wai tumbin Bekir ne ya tsinke maɓallin.

Na ce me ya sa suka ɓoye mana. Ya dube ni kamar na tambayi abin da kowa ya sani, ya ce, "A ƙauye in aka ji dako kake, sai a ce ka tafi birni ka zama jaki. A tsokani 'ya'yanka a makaranta, a tausaya wa matarka a bakin rijiya. Sai muka haɗa baki, kowa mai tsaron shago ne. Ranar komawa gida mu shiga gidan wanka a dirje mu, mu aske, mu hau mota kamar mutane."

Na ce, "To tekun? Da kwandon? Su ma haɗin baki ne?" Ransa ya ɓaci. Ya dogara sanda ya miƙe ya ce, "Tashi."

Muka kama hawa. Tudun nan a tsaye yake, Saniye, kamar tsani. Ya ce, "Ke matar manomi ce kike haki haka?" Na ce, "Kai kuma sandar ce ke hawa, kai binta kawai kake." Sau uku muna tsayawa. A rabin tudu, wani lungu kusa da tsohon famfo da ya ƙafe, akwai dutse da ya fito daga jikin bango daidai ƙugun mutum, samansa ya yi sumul. Halis ya ce na 'yan dako ne. Mai kaya a baya ba ya sauke su a hanya, don ba mai sake ɗora masa. Sai dai ya juya, ya ja da baya, ya ɗora gindin kayan a kan dutsen, ya huta a tsaye. Ya ce da ni, "Juya baya."

Na juya, na jingina.

Yana nan duka. Lungun ya buɗe kamar ƙofa, ga teku a ƙasa kamar farantin da aka wanke. Ga jiragen farare da tsuntsayensu. Ga hasumiya kusa da hasumiya a tsallake. Na dubi dama, tagar ta koɗe amma koriya ce. Kwandon ne babu. Halis ya ce tsohuwar ta daɗe da rasuwa, kuma Remzi ne yake sayo mata burodin in yana saukowa. Ya ce, "Minti biyu yake yi a nan, gumi na zuba, kullum maganar ɗaya, da Nazife ta ga wannan. Har ya ishe mu. Mu shida dutsen Nazife muke ce masa."

Kin san abin da ya faɗo mini a rai? Bayansa. Kanta biyu a kafaɗa da ɗaya a ƙugu, masu tauri kamar tafin ƙafa. Remzi yakan ce kujerar shago ce. Shekara nawa ina shafa musu mai. Hannuna ya sani, ni ce ban tambaya ba. Na lalubo hular daga ƙasan jaka na ɗora ta a kan dutsen, na karanta masa Fatiha, bakina bai yi nauyi ba. Halis ya juya yana kallon bango har na gama.

Ba zan ce fushin ya tafi duka ba. Da ya gaya mini, da ban bar shi ya ɗauki ko buhu ɗaya a gona ba. Da ban yi masa faɗa ran da ya kasa ɗaga Nurten tana ƙarama ba. Ya zaci zan ji kunyarsa, wannan ne ban yafe ba tukuna.

Yanzu saura ke. Ki dubi hoton da ke saman rediyonku, ki ƙirga maɓallan. Ban sani ba ko daidai ne in tona abin da maza shida suka rufe, amma naki yana raye, yana zaune a bakin murhu. Ki yi yadda kika ga ya dace.

Ina gaida kowa da kowa.

Taki,
Nazife

29 ga Oktoba

Saniye, marar riƙon amana,

Ina gaishe ki duk da haka, ina gaida Bekir, Allah ya ƙara muku lafiya. Takardarki ta iso kwana uku da suka wuce, na karanta ina dariya ina share hawaye har Nurten ta zaci wani abu ne.

Na ce ki karanta a zuci, kika zaunar da Bekir kika karanta masa tun daga kan gaisuwa. Kuma wai kin sani tun sanyi na biyu, da kika ga shatar igiya a kafaɗarsa, kika yi shiru don kada ki ɓata mini labarin jirgi. Shekara talatin da wani abu muna tsintar tafarnuwa kafaɗa da kafaɗa. Ashe duk ƙauyen ni kaɗai ce fasinja.

Na gaya wa Halis cewa Bekir ya rantse ba shi ya tsinke maɓallin ba, Remzi ne. Ya ce, "Ki ce masa ya zo ya faɗa a gabana, mai tumbi." Amma wurin da kika ce ya tambaya ko dutsen yana nan, sannan ya lalubi hanya ya fita wajen shanu ya daɗe, wannan ban iya karanta wa kowa ba.

Ga shirin, kada ki ce gwiwa. Ku taho kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Mijin Nurten zai tarbe ku, zai kuma kai Bekir wajen likitan ido. Ranar Alhamis mu tsallaka ruwa mu ɗauki Halis. Hawa a jirgi za mu yi, mu huɗu, a zaune. Kowa ya ɗauki wani abu zuwa saman tudun nan, wannan karon a ɗauke su. Babu abin gani a ciki, saboda haka mai ciwon ido bai yi asarar komai ba. Daga sama mu gangaro a hankali har wajen dutsen. Bekir ya jingina, ni kuma in faɗa masa abin da ke gabansa ɗaya bayan ɗaya. Na iya, an koya mini sau ɗari.

Shekaranjiya Halis ya kawo mini wani ƙulli wajen mai shayi. Kwat ɗin ce, a akwatinsa take duk shekarun nan. Asu ya ci hannu ɗaya. Na zaga kasuwa har na sami maɓalli mai ruwan toka, bai yi daidai da sauran ba amma ya yi kusa. Na ɗinke shi da zare biyu. Ki ce wa Bekir ya rage burodi, ita zai sa.

Ina sumbatar hannun manya, ina shafa kan ƙanana. Ranar Juma'a in kin je zuba ruwa, ki ce masa na gani.

Taki har kullum,
Nazife matar Remzi